Aikin Injiniya a Ma'aikatun Ayyuka: Hanyar Shiga da Abin da ke Cikinta

Duk ɗan kasuwar da ruwan sama ya taɓa shiga rumfarsa ya jiƙa masa kaya ya san darajar lambatu. Mutanen Ibadan ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ba, haka kuma 'yan kasuwar Maiduguri sun ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta jawo musu a watan Satumba na 2024, lokacin da ruwa ya mamaye Kasuwar Monday. A bayan kowace kwalbati da gada da bututun ruwan famfo akwai injiniyan gine-gine wanda ya auna, ya zana, ya kuma sa hannu. To amma matasan da ke zaɓar wannan fanni galibi manyan kamfanoni suke hange, ba su cika waiwayar sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ba, alhali nan ne aka fi bukatarsu.

Hanyar shiga doguwa ce. Karatun digiri shekara 5 ne a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda aka kafa a 1962, kuma a cikinsa akwai watannin koyon aiki a wurin gini ƙarƙashin shirin da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ke kula da shi. Wasu kan bi ta kwalejin fasaha irin ta Kaduna su fito da babbar difloma. Bayan kammala karatu, sai matashi ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki a ƙarƙashin gogaggen injiniya kafin ya nemi rajista da hukumar COREN, wadda Dokar Soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa, aka kuma ƙara mata ƙarfi a 1992. Wanda bai yi wannan rajista ba, doka ba ta yarda ya kira kansa injiniya ba, ko da kuwa jama'ar unguwa sun laƙaba masa sunan. Akwai kuma Ƙungiyar Injiniyoyin Nijeriya, wadda aka kafa a Landan tun 1958.

Waɗannan shekaru huɗu su ne ƙashin bayan sana'ar, kuma a nan ne matsalar take. A da, ma'aikatun ayyuka da kansu suke yin aiki, da motocinsu da leburorinsu da kafintocinsu. Madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ma'aikatan gwamnatin Jihar Kano ne suka riƙe aikinta, kuma matasan da suka sha ƙura a irin waɗannan wurare sun fito da sanin ƙasa da ruwa wanda aji ba ya bayarwa. Da aka koma bayar da kusan kome kwangila, sai injiniyan gwamnati ya zama mai duba takarda da sa hannu a kan shaidar biyan kuɗi. Yaron da aka tura sashen da ba shi da katafila ko ɗaya mai tashi, da wuya ya koyi yadda ake danne ƙasa kafin a zuba kwalta.

Duk da haka aikin yana nan jibge. Tun gyaran da aka yi wa ƙananan hukumomi a 1976, da kuma Tsarin Mulki na 1999, an ɗora musu gina tituna na cikin gari da magudanan ruwa da fitilun hanya, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kwashe shara. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, kowace da nata sashen ayyukan. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. In har kuɗin ya isa inda aka nufa, ƙananan kwangiloli za su yawaita, kuma za a nemi masu iya tsara su.

Ta fuskar albashi, ba a haɗa ma'aikacin ƙaramar hukuma da na kamfani irin su Julius Berger, wanda ya shigo Nijeriya a 1965 don gina gadar Eko a Legas. Abin da aikin gwamnati ke bayarwa shi ne fansho da sanin kan tsarin kwangila, musamman tun da aka yi Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007. Shi ya sa da yawa sukan yi shekaru a ma'aikata, sa'an nan su fita su buɗe ofishin ba da shawara, ko su haɗa jari da wani attajiri.

A nan ne maganar ta shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Mai kuɗin da ya shiga kwangila yakan ga albashin injiniya kamar asara, ya gwammace ya bar wa birkila kome. Amma injiniya ne zai tsaya a kan cewa kankaren da aka rubuta a gauraya kashi 1 na siminti da 2 na yashi da 4 na tsakuwa ba a mayar da shi ruwa-ruwa ba, shi ne zai ƙirga rodi kafin a rufe, ya sa a riƙa yi wa daɓen ban-ruwa har kwana 7, ya kuma aika samfurin kankare ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 28. Wannan tsayuwa ba ta da daɗi, don sau da yawa wanda ake ce wa a'a shi ne mai biyan albashin. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamba na 2021 ya hallaka mutane fiye da 40, ciki har da mai ginin kansa, kuma daga baya ta bayyana cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya janye hannunsa tun a 2020.