Zaɓen Makarantar Gaba da Sakandare: Tsada da Wuyar Shiga

Bayani domin Hakimai da Malamansu na Ƙasar Birnin Gwari

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, akan ga iyaye suna zuwa ƙofar Hakimi neman takardar shaidar asalin 'ya'yansu. Kafin su tashi kuwa sai su yi tambaya, ina ya kamata yaron nan ya nufa? Sau da yawa malamin Hakimi ne ke duba takardun, kuma abin da ya faɗa shi ake ɗauka. Sabo da haka aka shirya wannan bayani, domin shawarar da za a ba talakawa ta zama bisa sani, don kuwa gona da shanun mutane ne ke kan hanya.

A zamanin da, wannan tambaya ba ta taso ba. Sa'ad da aka kafa Kwalejin Katsina a shekarar 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, har aka sa mata suna Barewa, hukuma ce ke tsamo yara ƙalilan daga larduna, ita ce kuma ke ɗauke da nauyinsu. Uba ba ya zaɓe, ba ya kuma sayar da sa. Yanzu makarantu sun yi yawa, zaɓe ya koma hannun uba, biya ma haka.

Abin da ya kamata a fara sani

Mutane da yawa suna tsammani makarantar da ta fi tsada ita ta fi kyau, wadda ta fi kyau kuma ita ta fi wuyar shiga. A Nijeriya al'amarin ba haka yake ba, kusan ma a ce akasin haka ne. Jami'o'in Gwamnatin Tarayya, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962, ba su karɓar kuɗin koyarwa, sai na rajista da ɗakin kwana da makamantansu, ko da yake da yawansu sun ƙara waɗannan kuɗaɗe ƙwarai a 2023. Arahar nan ce ta sa kowa ke ruguwa can, cunkoson kuma shi ya sa shiga ta yi wuya. Jami'o'in kuɗi kuwa, watau na masu zaman kansu, kuɗin shekara guda a waɗansunsu yakan kai miliyoyin naira, amma galibinsu ba su cika kujerunsu ba, har neman ɗalibai suke yi. Ashe ke nan tsada ba shaidar wuyar shiga ba ce, wuyar shiga kuma ba kullum take nuna kyan koyarwa ba. Wani lokaci yawan masu nema kaɗai take nunawa.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga. Darussa huɗu ake yi, maki 400 ne jimla, tun 2015 kuma da kwamfuta ake rubuta ta. A 2024 kimanin yara miliyan 1.9 suka zauna, amma wajen kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 ba. A 2025 an tsai da maki 150 a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a, 140 na kwalejin koyon aikin jinya, 100 kuma na kwalejin kimiyya da fasaha da ta horon malamai. To, nan ne ake yawan ruɗuwa. Uba ya ji an ce 150, ɗansa kuwa ya sami 190, sai ya ce ai ya haye. Wannan adadi bakin ƙofa ne kurum. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane fanni kuma da nasa. Makin da zai shigar da yaro fannin aikin gona ko na koyarwa cikin sauƙi, ba zai kai shi ko kusa da likitanci ko lauya ba a jami'a guda ɗin nan. Watau wuyar tana ga fanni fiye da sunan makaranta.

Akwai wani abin da ke taimakon yaran wannan ƙasa, wanda ba kowa ya sani ba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in Tarayya ita ce a raba kujeru kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka bari baya wajen ilmin zamani. Jihar Kaduna tana cikin kewayen jami'ar Zariya, tana kuma cikin jihohin kashi na uku. Yaron Kuyello ko Randagi ke nan yana da ƙofa uku a Zariya. Wannan shi ne muhimmancin takardar shaidar asali, kuma dalili ke nan da ya sa bai kamata Hakimi ya sa hannu a kanta ba sai ya tabbata, don duk baƙon da aka ba ta, kujerar ɗan ƙasa ya hau.

Yadda ake lissafin kuɗi

Kuɗin da aka rubuta a takardar makaranta shi ne ƙaramin kashi na abin da za a kashe. Amma bari a fara da shi. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙara kuɗin manyan makarantunta ninki da yawa, har aka yi ta koke-koke. A watan Agusta 2023 Gwamna Uba Sani ya ba da sanarwar ragi: Jami'ar Jihar Kaduna daga naira 150,000 zuwa 105,000, Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya daga 100,000 zuwa 50,000, Kwalejin Horon Malamai ta Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Bisa wannan farashi, digiri na shekara huɗu a jami'ar jiha ya tashi naira 420,000, takardar NCE ta shekara uku a Gidan Waya 112,500, babbar shaidar farko ta shekara biyu a Nuhu Bamalli kuma 100,000. Likitanci da irinsa suna da nasu farashi dabam. Kuɗin makaranta yakan sake, sabo da haka malami ya tambayi na shekarar da ake ciki kafin ya faɗa wa kowa.

Bayan wannan sai ci da sha, da haya idan ba a sami ɗaki a makaranta ba, da littattafai, da waya, da kuɗin mota. Yaron da ke Zariya ko Kaduna ana iya aika masa da buhun masara da gero da wake daga rumbun gida, wani ma yana da kawu ko gwaggo da zai sauka wurinsu. Wanda aka tura Legas ko Fatakwal kuwa, kowace loma da kuɗi zai saya. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna kimanin kilomita 120 ne, kuma babu wanda za a gaya wa a ƙasar nan abin da hanyar ta zama a shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin. A watan Maris 2021 an sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, a bakin Kaduna. A watan Nuwamba 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe. Duk da haka uba mai hankali zai tambayi ko makaranta tana da katanga da masu gadi, da kuma sau nawa ɗansa zai bi hanya a shekara, balle idan 'ya mace ce.

Amma hasarar da ta fi kowace girma ba a ganinta a takarda, ita ce ta shekaru. Sakamakon JAMB na shekara guda ne kurum. A ce yaro ya kafe sai likitanci, makinsa bai kai ba, ya sake zama baɗi, ya sake baɗin baɗaɗa. Kowane zama da kuɗin rajista, da na darasi, da na tafiya wurin jarrabawa. Abokinsa da ya karɓi abin da ya samu tun shekarar farko ya riga ya kai shekarar ƙarshe ta NCE. Shi kuwa ko ya samu a karo na uku, shekara shida na gabansa. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a: na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, na 2020 kuma wajen wata tara. Jami'o'in kuɗi ba su shiga wannan yaji, abin da masu hali ke saya ke nan da kuɗinsu, kuma gaskiya ne cewa abu ne mai daraja. Sai dai manomin da zai sayar da gonar gado ya biya shekarar farko, ba shi da ta biyu, ya yi hasara biyu, ba gona ba takarda.

Wane ne ya kamata ya nemi mai wuyar?

Kada a fahimci bayanin nan da cewa ɗan talaka ya haƙura da ƙaramar makaranta. A Amurka waɗansu masana biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun buga wani bincike a 2002. Sun bi sawun ɗaliban da manyan jami'o'i masu wuyar shiga suka karɓa, waɗansu suka je, waɗansu suka zaɓi na ƙasa da su. Bayan shekaru suka tarar albashinsu kusan ɗaya ne, watau ƙwazon yaron ne ya yi aiki, ba sunan makarantar ba. Amma sun sami bambanci wuri guda: 'ya'yan marasa hali sun fi amfana da babbar makaranta. Amurka dabam, Nijeriya dabam, amma dalilin a fili yake. Ɗan mai kuɗi yana da wanda zai kama hannunsa ko ina ya yi karatu. Ɗan manomi kuwa, makaranta ce za ta haɗa shi da mutane.

Sabo da haka idan Hakimi ya ga yaro a gundumarsa wanda makinsa ya yi nisa, bai kamata a bar shi ya ja da baya don tsoron kuɗi ba, tun da yake mai wuyar ita ce mai arahar. Tun watan Mayu 2024 asusun NELFUND ya fara karɓar takardun neman rance ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, an kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata ta guzuri. Biya yana farawa shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na abin da mutum ke samu. A bayyana wa iyaye cewa bashi ne, ba kyauta ba, kuma bai shafi jami'o'in kuɗi ba. Jihar Kaduna ma tana da hukumar ba da tallafin karatu.

Yaron da makinsa ya tsaya tsaka-tsaki, shi ne ya fi bukatar shawara, shi ne kuma ya fi yawa. Abin da za a nuna masa shi ne, jami'a ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Wanda ya gama NCE ko babbar shaidar farko da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye, ya fara daga aji biyu. Haka kuma wanda ya ci jarrabawar IJMB, wadda jami'ar Zariya ke kula da ita. Jami'ar tana da makarantar share fage a Funtuwa, maƙwabciyar wannan ƙasa. Hanyar ta fi tsawo kaɗan, amma yaro yana tafe da takarda a hannu, in hali ya ƙare a tsakiya bai tashi a banza ba.

Ya kamata kuma a dubi abin da ƙasar kanta ke nema. Birnin Gwari ƙasar noma ce da kiwo da daji. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe tun 1936, ya zama gandun Tarayya a 1999. Kwalejin Aikin Gona ta Samaru da ta Kiwon Dabbobi ta hanyar Mando a Kaduna duk ƙarƙashin jami'ar Zariya suke, ba su da cunkoso irin na lauya da likitanci. Makarantun ƙauyuka da asibitocin karkara da tashin hankali ya watsa ma'aikatansu, ba baƙo ne zai zo ya cika su ba. Yarinyar da ta koyi ungozoma ko aikin lafiya a Kwalejin Shehu Idris ta Makarfi, ta dawo garinsu, amfaninta ga gunduma ba ya ɓoyuwa.

Araha ba ta ado

Akwai arahar da ta fi tsada tsada. Waɗansu dillalai sukan zo da labarin makaranta a wata ƙasa, ba jarrabawa, digiri cikin ɗan lokaci. A watan Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. A cikin gida ma akwai makarantun da ba su da izni, akwai kuma masu izni waɗanda wani fanni nasu ba a amince da shi ba. Hukumar NUC ke duba jami'o'i, NBTE mai hedkwata a Kaduna ke duba kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma na horon malamai. Duk makarantar da za ta ɗauki yaro ba ta hanyar JAMB ba, malami ya bincika sosai, don wanda sunansa bai shiga rajistar hukumar ba yakan gamu da cikas ranar tafiya hidimar ƙasa.

Aikin ofishin Hakimi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare ya kamata a tabbata yana da lambar zama ɗan ƙasa, don tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da ita, kuma sunansa da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a kowace takarda. Harafi guda da ya saɓa, Abubakar a nan Bubakar a can, yakan tsai da yaro shekara. A tabbata kuma yana da sakamako mai kyau a darussa biyar, har da Turanci da lissafi, kuma ya taɓa kwamfuta da hannunsa kafin ranar jarrabawa. Wajen cika takarda, kada a zuba jami'o'i masu cunkoso a kowane gurbi, a bar gurbin kwaleji ga wadda yaro zai yarda ya je da gaske.

Ana roƙon Hakimai su sa malamansu su buɗe littafi, a rubuta sunan kowane yaro da ya zauna jarrabawa a gunduma, da makinsa, da inda ya nema, da inda ya samu, da abin da uban ya kashe a shekarar farko. Dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo sunayen na ƙauyukansu bayan kaka, lokacin da iyaye ke da abin hannu kuma rajista ke gabatowa.