Turmin Danya: Yadda Sulaiman Ibrahim Katsina ya sauya fuskar ɓarawo a labaran Hausa

Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta ƙasar Benin, kwale-kwale ya zama motar fasinja da kaya a Kogin Kwara. Daga Gaya zuwa Junju, wato Dioundiou, a Jihar Dosso, da tsallaken iyaka a Kamba ta Jihar Kebbi, zancen wanda ya ƙetarar da kaya da wanda ya kawar da kai ba baƙo ba ne.

Sama da shekara 40 da suka wuce, wani marubuci ɗan Katsina ya mayar da irin wannan zance littafi.

Sulaiman Ibrahim Katsina ya fara yin suna ne da labarin soyayya, Mallakin Zuciyata, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980. Amma Turmin Danya, da ya fito a 1982 bayan gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayyar Najeriya, shi ne ya buɗe sabon babi.

Ba a lokacin ne ɓarawo ya fara shiga adabin Hausa ba. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, daga gasar 1933, labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Daga baya 'yan boko suka ƙware wajen karanta James Hadley Chase, Baturen Ingila mai labaran kisa da bin sawu: 'yan Najeriya da Turanci, 'yan Nijar da Faransanci. Sai dai masu laifin Chase yawanci a biranen Amurka suke.

Sulaiman ya dawo da mai laifin gida. Alhaji Gabatari na Turmin Danya attajiri ne da ake durƙusa wa, dukiyarsa ta fasa-ƙwauri ce, kuma kuɗinsa na rufe bakin jami'ai. A labarin binciken Turawa, ana tambayar wa ya aikata laifin. A nan kowa ya san mai laifin. Tambayar ita ce wa zai iya taɓa shi.

A shekarar ce kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fito daga wannan gasa, cike da bindigogi da gungun 'yan ta'adda. Littattafan biyu suka nuna cewa Hausa na iya ɗaukar labarin laifi na zamani, kafin adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, inda soyayya ta fi rinjaye.

A yau matasa na karanta labarai a WhatsApp da Wattpad, daga Yamai har Jidda. Marubucin da ke neman labarin bincike ba sai ya aro ɗan sandan Landan ba. Tsakanin bakin kogin Gaya da hanyar Kamba, tambayar da Turmin Danya ya yi a 1982 tana nan tana jiran amsa.