Abubuwa Bakwai na Ban Mamaki Game da Bugun Zuciyar Mai Gudu

Idan zuciyarka na bugawa sau 60 a minti, kada ka ɗauka kowace daƙiƙa bugu ɗaya ne cif-cif. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu takan ɗan miƙe, takan ɗan gajarce. Wannan ɗan bambancin ne masana ke bin diddigi idan suka ɗora mutum kan injin gudu.

1. Rashin daidaiton alamar lafiya ce. In ka ja numfashi zuciya takan ƙara sauri, in ka sauke sai ta lafa. Tun a 1847 Bajamushe Carl Ludwig ya auna hakan a jikin kare.

2. Da birki zuciya ke tafiya. Da za a ƙyale ta, kusan sau 100 za ta riƙa bugawa a minti. Jijiyar vagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ita ke taka mata birki. Da ka fara gudu sai birkin ya saki, bambancin ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa.

3. Zuciyar dashe daidai wa daida take bugawa. Dalili kuwa an yanke jijiyoyinta wajen tiyata. Idan mai ita ya fara sassarfa, sai ta jira sinadarin adrenaline ya iso ta jini kafin ta tashi.

4. Na'urar auna bugun zuciya ta Willem Einthoven ta 1903 ta kai kilo 270. Mutum biyar ke sarrafa ta, majinyaci kuma ya tsoma hannuwa biyu da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. A 1982 kamfanin Polar na Finland ya fito da ma'aunin da ake ɗaurawa a ƙirji, ba waya.

5. Minti uku-uku ake ƙara wuya. A gwajin da Dakta Robert Bruce ya fitar a Seattle a 1963, duk minti uku ana ƙara wa injin sauri da tudu.

6. Haki na rikita lissafi. Ƙa'idar auna bambancin bugun da aka amince da ita a 1996 ta ware wa numfashi sau 9 zuwa 24 a minti. Mai gudu kan zarce 40, don haka dole a faɗaɗa ma'aunin. Agogon hannu mai auna bugu ma yakan ruɗe, ya ƙirga takun ƙafa a matsayin bugu.

7. Minti guda bayan tsayawa ya fi tona asiri. Wani bincike a Cleveland a 1999 kan mutum 2,428 ya gano cewa waɗanda bugunsu bai sauka da fiye da 12 ba a mintin farko sun fi haɗarin mutuwa cikin shekara shida.

Duk wanda ƙirji ke riƙe masa ko jiri ke ɗibarsa wajen motsa jiki, ya je ya ga likita, kada ya dogara da agogo.