Tufka da Warwara: Matsalar Murɗewar DNA Yayin Kwafinsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ƙwayar halitta take warware zaren gadonta, wato DNA, ba tare da ya sarƙe ba, da kuma dangantakar wannan al'amari da magungunan da ake sha a ƙasarmu.

2.0 Asalin Matsalar

A shekarar 1953 Watson da Crick suka nuna cewa DNA sili biyu ne da aka tufke, kamar igiyar rama. Duk mai tufkar igiya a Wanke ko Bunguɗu ya san cewa in aka ɗaure bakin igiya, aka raba silinta daga tsakiya, murɗar ba ta gushewa. Gaba take taruwa har igiyar ta ƙudundune. Haka abin yake ga DNA, domin dole a raba silin biyu kafin a kwafi kowanne. Zagaye ɗaya na tufkar yana ɗauke da harufan gado kimanin 10. Bakteriyar E. coli kuwa tana kwafar harufa kusan 1,000 a daƙiƙa, wato murɗa kusan 100 ke taruwa kowace daƙiƙa. Ga shi zarenta zobe ne, ba shi da bakin da zai juya.

3.0 Maganin Matsalar

James Wang ya gano inzayim na farko mai kwance murɗa a 1971. Shi wannan yakan yanke sili ɗaya, ya bar zaren ya sassauta, sannan ya ɗinke. A 1976 Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano jaires, wanda ke yanke silin biyu, ya ratsa wani sashen zaren ta kafar, ya mayar ya haɗe.

4.0 Kammalawa

Abin lura shi ne, ciprofloxacin da ake bai wa masu taifot a asibitocin Gusau da Tsafe, jaires yake kamawa bayan ya yanke zare, ya hana shi ɗinkewa, sai bakteriya ta mutu. Amma canjin harafi guda a gadon jaires yana rage kamun maganin. Shansa barkatai yana kashe masu rauni, ya bar masu wannan canji su hayayyafa. Saboda haka wajibi ne malaman kimiyya su haɗa darasin murɗar DNA da gargaɗi a kan shan magani ba da umarnin likita ba.