Tsarin fansho na karo-karo a Najeriya

Tsarin fansho na karo-karo hanya ce ta tanadin kuɗin ritaya wadda ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki suke zuba wani kaso na albashi duk wata a cikin asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin. Najeriya ta fara amfani da shi a shekarar 2004, kuma Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ce ke sa ido a kansa. Daga shekarar 2019 an buɗe ƙofar tsarin ga masu sana'ar kansu, irin su 'yan kasuwa da teloli da direbobi, waɗanda ba su da albashin wata.

Tarihi

Dokar fansho ta farko a Najeriya ita ce ta shekarar 1951, zamanin mulkin mallaka, kuma ma'aikatan gwamnati ta shafa. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa domin ma'aikatan kamfanoni, sannan dokar soja ta 1979 ta tsara fanshon ma'aikatan gwamnati. A wancan tsari ba a cire wa ma'aikacin gwamnati komai daga albashinsa. Gwamnati ce ke biyan fansho da garatuti daga kasafin kuɗinta. Da yawan 'yan fansho ya ƙaru sai bashi ya taru, tsofaffi suka riƙa kwana a layin tantancewa, wasu suka rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba.

Wannan ne ya sa gwamnatin Olusegun Obasanjo ta kawo dokar gyaran fansho ta 2004, wadda ta ɗauki darasi daga tsarin da ƙasar Chile ta fara a 1981. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta.

Yadda yake aiki a wurin aiki

Dokar 2014 ta shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya, ta kuma wajabta tsarin a kan kamfanoni masu ma'aikata 15 ko fiye. Sojoji da jami'an leƙen asiri ba sa cikinsa. Ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wurin aikinsa kuma aƙalla kashi 10. A dokar 2004 kowane ɓangare kashi 7.5 yake bayarwa. Misali, idan albashin da ake lissafi a kansa naira 100,000 ne, za a cire wa ma'aikaci 8,000, a ƙara masa 10,000, wato 18,000 duk wata, ko 216,000 a shekara, ban da ribar da kuɗin za su haifar. Dole ne a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi.

Ma'aikaci ne ke zaɓar kamfanin kula da fansho da yake so, ya buɗe asusun ajiyar ritaya, wanda ake kira RSA a taƙaice. Kamfanin shi ke juya kuɗin, amma ba a hannunsa suke ba. Wani kamfani daban ne ke ajiye su, domin kada juyawa da ajiya su haɗu a hannu ɗaya. Asusun yana bin mai shi ko da ya sauya wurin aiki, kuma tun daga Nuwamban 2020 mutum yana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Wanda ya ga abin da ake cirewa bai ishe shi ba yana iya ƙara wani abu na ganin dama ta hannun wurin aikinsa.

Karɓar kuɗi

Wanda ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50 yana iya karɓar wani ɓangare a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa duk wata ko duk wata uku. Hanya biyu ce: ko kamfanin fansho ya ci gaba da biyansa daga asusunsa, ko ya sayi inshorar da za ta riƙa biyansa har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ya rasa aiki kafin wannan shekara, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin ɗari. Idan mai asusu ya rasu, magadansa ne ke karɓar abin da ya bari.

Masu sana'ar kansu

Mafi yawan masu neman abinci a Najeriya ba su da albashin wata. A kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a birnin Kano, mai sayar da gwanjo ko takalma ko kayan roba bisa al'ada yana tanadin tsufansa ne ta hanyar adashi, kiwo, sayen fili ko gidan haya, da kuma dogaro da 'ya'ya. Waɗannan hanyoyi suna da amfani, sai dai gobarar kasuwa ko karayar jari ko doguwar jinya tana iya cinye su lokaci guda.

Domin irin waɗannan mutane Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho a watan Maris na 2019. Mutum yana buɗe asusu da kansa, ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko duk mako ko duk wata. Bisa ƙa'idojin da aka fara shirin da su, kashi 40 cikin ɗari na abin da aka tara ana iya cire shi don buƙatar gaggawa, kashi 60 kuma yana jiran tsufa. Babban bambancinsa da na ma'aikata shi ne babu mai ƙara wa ɗan kasuwa komai. Abin da ya zuba da ribarsa ne kawai nasa. Saboda haka fara zubi da wuri ya fi muhimmanci a gare shi.

Batun riba ya hana Musulmi da dama shiga, domin ana saka yawancin kuɗin fansho a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa. A 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa ta hanyoyin da ba ruwa a ciki, kamar sukuk.

A Jihar Kano

Kowace jiha tana yin dokar fanshonta. Kano ta yi tata a 2006, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. A nan ma ma'aikaci da gwamnati ne ke karo-karo, amma kuɗin suna shiga asusu ɗaya na bai ɗaya ƙarƙashin hukumar amintattun asusun fansho ta jiha, kuma ana lissafa haƙƙin mutum bisa albashinsa da shekarun aikinsa. Bashin garatuti ya taru a jihar tsawon shekaru, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta fara biyansa kashi-kashi daga ƙarshen 2023.

Ƙalubale

Babbar matsala ita ce hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Idan ribar asusu ba ta kamo ta ba, darajar abin da aka tara tana raguwa. Wasu wuraren aiki suna cire kuɗin ma'aikata ba sa turawa, shi ya sa ake shawartar mai asusu ya riƙa duba bayanan asusunsa. A ɓangaren masu sana'ar kansu kuwa, ƙarancin wayar da kai da rashin tabbas na cinikin yau da kullum sun sa waɗanda suka shiga ba su da yawa.