Ƙuri'ar da Ba Ta Tafiya a Banza: Sakamakon Zaɓen Kansiloli a Ireland ta Arewa

Ranar Alhamis 18 ga Mayun 2023 ne al'ummar Ireland ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya, suka fita zaɓen kansiloli 462 na ƙananan hukumominsu 11. An kwashe kwana biyu ana ƙirga takardu da hannu kafin sakamako ya kammala. Jam'iyyar Sinn Féin, mai fafutukar haɗe yankin da Jamhuriyar Ireland, ta tashi da kujeru 144, ƙarin 39 a kan abin da ta samu a 2019. DUP, babbar jam'iyyar masu son ci gaba da zama da Birtaniya, ta riƙe 122 ɗinta. Alliance, wadda ba ta ɗaukar ɓangare a wannan jayayya, ta samu 67, UUP mai son zama da Birtaniya 54, SDLP mai son haɗewa 39, sauran kuma ƙananan jam'iyyu da 'yan takara masu zaman kansu suka raba.

Jaridu sun fi mayar da hankali a kan cewa wannan ne karo na farko da jam'iyyar masu son haɗewa ta zama kan gaba a ƙananan hukumomi. Babban labari ne. Amma wanda ya ɗora ƙuri'u a gefen kujeru zai ga abin da ya fi shi ɗaukar hankali. Sinn Féin ta samu kashi 30.9 cikin ɗari na zaɓin farko, ta kuma samu kusan kashi 31 na kujeru. Alliance ta samu kashi 13.3, kujerunta kashi 14 da rabi. SDLP ta samu kashi 8.7, kujerunta sun ɗara kashi 8 kaɗan. Kowace daga cikinsu ta girbi kusan daidai abin da ta shuka, kuma babu wanda ya cinye duka.

Yadda ake ƙirgar

Sirrin yana cikin tsarin da za mu iya kira ƙuri'a mai canja hannu. An raba yankin gida 80, kowace mazaɓa tana fitar da kansiloli biyar zuwa bakwai a lokaci guda. Mai zaɓe ba dangwala yatsa yake yi a gaban mutum ɗaya ba. Lamba yake rubutawa: 1 ga wanda ya fi kwanta masa a rai, 2 ga mai bi masa, 3 ga na gaba, har inda ya ga dama ya tsaya. Tamkar uwar da ta aiki ɗanta kasuwa ce ta ce masa, in babu gero ka sayo dawa, in babu dawa ka sayo masara. Kuɗin ɗaya ne, amma yaron ba zai dawo hannu rabbana ba.

Kafin a fara rabo sai an fitar da ma'aunin cin zaɓe. A ƙaddara mazaɓa mai kujeru shida ta tara ingantattun ƙuri'u 14,000. Sai a ƙara ɗaya a kan yawan kujerun, su zama bakwai, a raba ƙuri'un gida bakwai, a samu 2,000, a ƙara ɗaya. Ma'auni ya zama 2,001, domin mutum bakwai ba za su iya kai wannan adadi gaba ɗayansu ba, sai dai shida. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Henry Droop, ne ya fito da wannan dabara a ƙarni na 19.

Duk wanda ya kai ma'auni ya ci. In wata 'yar takara ta samu 3,001, tana da rarar 1,000 da ba ta buƙata. Sai a bi takardunta a ga wa masu zaɓenta suka ba lamba 2. In uku daga cikin kowane biyar sun ba abokin takararta na jam'iyya ɗaya, sai ya karɓi 600 daga rarar. Idan babu sauran rara kuma kujeru ba su cika ba, sai a cire wanda ya zo na ƙarshe, a raba takardunsa ga waɗanda magoya bayansa suka sa a gaba. Haka ake ta zagayawa har kujera ta shida ta samu mai ita. Shi ya sa ƙirgar ke cin lokaci, kuma shi ya sa wakilan 'yan takara ke tsayawa a bakin teburan suna bin kowane ƙunshin takardu da ido.

Jam'iyyu ma sun koyi zama da tsarin. Wadda ke hangen kujeru uku a mazaɓa takan raba unguwanni tsakanin 'yan takararta, ta kafa alluna tana gaya wa mutanen wannan layi su ba wane 1, wance 2, a can gaba kuma a juya jerin. Wadda ta yi haɗama ta tsayar da mutane fiye da ƙarfinta, sai ƙuri'unta su tarwatse ta yi biyu babu.

Abin da ya faru a Derry

Ba don sha'awar lissafi mutanen yankin suka rungumi wannan wahala ba. A 1920 an yi zaɓen ƙananan hukumomin Ireland da wannan tsari, kuma birnin Derry, inda mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda galibinsu ba sa son zama ƙarƙashin Birtaniya, suka fi yawa, ya samu magajin gari daga cikinsu, Hugh O'Doherty. A 1922 sabuwar gwamnatin Belfast, wadda ke hannun masu goyon bayan Birtaniya, ta soke tsarin, aka kuma sake shata mazaɓu. Daga baya Derry ta koma gida uku: aka cusa yawancin 'yan Katolika a mazaɓa ɗaya mai kujeru 8, sauran biyun suka riƙa fitar da 12 ga ɗaya ɓangaren. Marasa rinjaye suka mulki masu rinjaye shekara da shekaru. Ƙari a kan haka, mai gida da matarsa ne ke da ƙuri'a a zaɓen kansila, baligin da ke zaune gidan iyayensa ba shi da ita, alhali kansiloli ne ke rabon gidajen gwamnati.

Wannan zalunci na cikin abubuwan da suka fito da mutane kan titin Derry ranar 5 ga Oktoban 1968, inda 'yan sanda suka far musu da kulake. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilun 1998. Ana tsakiyar wutar ne, a 1973, aka dawo da ƙuri'a mai canja hannu a zaɓen ƙananan hukumomi.

A 2023 majalisar Derry da Strabane mai kujeru 40 ta ba Sinn Féin 18, SDLP 10. Reshe ya juye, amma bai juye da mujiya ba: DUP ta samu 5, UUP 3. Waɗanda kakanninsu suka taɓa danne rinjaye yau su ne tsiraru, kuma tsarin ya kare musu kujerunsu. Doka ta kuma tanadi a raba muƙamai irin su magajin gari da shugabancin kwamitoci bisa ƙarfin kowace jam'iyya. Ta wannan ƙofa Lilian Seenoi-Barr ta SDLP, haifaffiyar Kenya, ta zama magajiyar gari a Yunin 2024, baƙar fata ta farko da ta riƙe irin wannan kujera a yankin.

Iyakar maganin

Kada a ɗauka tsarin ya wanke zukata. Yawancin ƙuri'u a cikin gida suke canja hannu. Jam'iyyar TUV mai tsattsauran ra'ayin zama da Birtaniya ta samu kusan kashi 4 na zaɓin farko amma kujeru 9 kawai, kuma ragowar ƙuri'unta na cikin abin da ya ɗaga DUP daga kashi 23.3 na ƙuri'u zuwa kashi 26 na kujeru. A ranar zaɓen ma majalisar dokokin yankin a rufe take saboda ƙauracewar DUP, ba ta dawo aiki ba sai Fabrairun 2024. Abin da tsarin ya iya shi ne hana wani ɓangare jin cewa akwatin zaɓe ba nasa ba ne, kuma a ƙasar da ta ga jini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mu da muke karanta wannan daga Nijeriya mun san wani irin sakamako dabam. A Janairun 2021 APC ta lashe shugabancin ƙananan hukumomin Kano 44 da kujerun kansiloli 484. A Oktoban 2024 NNPP ta lashe 44 da 484. Masu zaɓe dai su ne, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce ta canja, kuma haka abin yake a yawancin jihohi, har 'yan adawa kan ƙaurace tun kafin a buɗe rumfa. Ba wani lissafi da zai gyara ƙirgar da jama'a ba su yarda da ita ba, kuma takardar da ake rubuta lambobi za ta wahalar da wanda bai yi karatun zamani ba sai an yi aikin wayar da kai sosai.

Duk da haka tambayar tana nan. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa shiga hannunsu kai tsaye, wa zai tsaya a zauren majalisa ya tambayi ciyaman inda kuɗin suka tafi, in duk kansilolin 'yan gida ɗaya ne? Masu aikin gyaran dokokin zaɓe su sa wannan a gaba tare da batun hukumar da za ta yi ƙirga ta gaskiya. Jam'iyyar da kashi 30 na mutanen gari suka zaɓa ta cancanci kujeru uku cikin goma, ko da gwamna ba nata ba ne.