ME YA SA KAPSON DA YA YI AIKI BARA YA ƘI YI BANA?



Da yawanku na turo mini cewa an sha antibayotik, an ƙara, amma taifod ko ciwon sanyi yana nan daram. Wani ya ce jabu ne, wani ya ce sammu. To, wani lokaci ƙwayar cutar ce ta yi tauri, maganin ya daina kama ta. Abin mamakin shi ne yadda take samun wannan taurin.

Ka san ita ma bakteriya tana da nata ciwon? Allah Ya halicci wani bairas da ake kira fej, ba ya kama mutum, bakteriya kawai yake ci. Zai sauka a bayanta, ya tsira mata rubutun halittarsa kamar allura, sai ta koma ƙera masa 'ya'ya har ta fashe. A wajen haɗa 'ya'yan nan akan yi kuskure jefi-jefi, ɗaya ya ƙunso guntun rubutun ita bakteriyar maimakon nasa. Idan guntun nan shi ne mai ɗauke da sirrin tauri, shi ke nan. Ya je ya tsira wa wata, ba ta mutu ba, ta gaji layar da ba ta uwarta ba, ta kuma bar wa zuriyarta. Subhanallahi!

Zinder da Lederberg ne suka gano wannan dakon a Amurka a 1952, a jikin Salmonela, dangin ƙwayar taifod.

Kuskuren ba ya yawan faruwa, amma fej ɗin ba sa ƙirguwa: suna cikin hanji, da kwata, da kashin kaji. Aikinmu ne ke ƙarasa ɓarnar. Duk kapson da ka sha ba bisa ƙa'ida ba, raunanan yake kashewa ya bar wa masu tauri fili su hayayyafa, su bi bayan gida su shiga ruwan maƙwabcinka. Binciken da mujallar Lancet ta fitar ya nuna mutum miliyan 1.27 suka rasu a 2019 saboda taurin nan, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi kowa jin jiki.

Don haka, ɗan uwa, kada ka shiga kemis ka ce a yanko maka guda huɗu. Mura bairas ne, antibayotik ba ya taɓa ta; zuma da citta da hutu sun fi maka. Hajiya, a daina barbaɗa wa kaji ja-da-yalo a ruwa. A wanke hannu da sabulu bayan an kewaya.

Ni mai maganin gargajiya ne, amma ba zan ce maka habbatussauda ta maye gurbin gwaji ba. Zazzaɓi ya kai kwana uku, a tafi asibiti, a sha abin da likita ya rubuta yadda ya rubuta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.